Makarin Tanko Maibaka

Kwana huɗu ke nan Bilki ba ta kawo nono ba. Kulu mai fura ce a bakin tashar Kontagora, shekara tara tana karɓar nono a hannun Bilki, Bafulatanar wata ruga da ke kan hanyar Mashegu, kuma a tsawon shekarun nan ba ta taɓa ƙin zuwa kwana biyu a jere ba sai in haihuwa ta yi. Kulu ta kira wayar Umar, mijin Bilki, har sau uku, a kashe. Ta karɓi nonon wata mata, masu saye suka yi ta ƙorafin tsami.

Ran na biyar da la'asar tana wanke ƙore a tsakar gida sai maƙwabciyarta Naomi ta shigo, ko fararen kayan aiki ba ta tuɓe ba. Naomi ma'aikaciyar jinya ce, katanga ɗaya ta raba gidajensu tun zuwan Kulu unguwar. Ba ta zauna a kujerar da aka miƙa mata ba. Ta zaro wata kwalba daga baƙar leda ta ɗora a kan turmi.

"Maman Nuriyya, duba min fuskar nan. Kin san shi?"

Kulu ta goge hannu a zani ta ɗauka. Hoton mahaifinta ne a jikin takardar, Tanko Maibaka, wanda ya yi shekara shida a ƙasa. Hoton ranar sunan 'yarta Nuriyya ne, har kafaɗar Kulu ta ɗan fito a gefe inda aka yanke. A ƙarƙashinsa an rubuta da manyan jajayen baƙaƙe: Makarin Tanko Maibaka, tiryaƙin magabata. Yana karya dafin maciji da na kunama, guba, sammu, taifot, ciwon suga da basir. Can ƙasa kuma lambar wayar ƙaninta ce, Mahfuz.

"A ina kika samo wannan?"

"A hannun Bappa, surukin mai kawo miki nono. Kububuwa ta sari ɗansa Umar ranar Asabar, yana kiwo. Kwana uku suna ɗura masa wannan, cokali biyu safe da yamma, yadda aka rubuta. Jiya aka kawo mana shi a kan babur, jini na fita ta dasashi, ta hanci, har ta wani tsohon tabo a gwiwarsa. Muna da allurar dafin maciji, mun yi masa. Da ranar suka kawo shi, ko washegari, da yanzu yana zaune yana shan furarki. Yau da safe ya cika."

Kulu ta yi salati a hankali. Ta nemi bakin turmin ta zauna.

Naomi ta ce, "Na tambayi tsohon me ya hana su zuwa da wuri. Ya ce mai maganin ya gargaɗe su kada su haɗa shi da allurar asibiti, wai suna faɗa da juna. Ni ban zo don in ɓata tsakaninki da ɗan'uwanki ba. Amma wannan ne mutum na uku da na ga kwalbar nan a hannun 'yan uwansa tun faɗuwar damina. Biyun sun rayu, ɗaya babu ƙafa."

Kulu ta san Mahfuz yana sayar da magani. Shekara biyu ke nan da ya bar gyaran rediyo ya sayi wata tsohuwar mota ya ɗaura mata lasifika, yana bin kasuwannin ƙauye, Bangi, Dukku, Mashegu. Ta ɗauka irin jiƙe-jiƙen shawara da basir ne da kowa ke sayarwa. Bai taɓa kawo kwalbar gidanta ba, yanzu ta gane dalili.

Kalmar da ke saman takardar ce ta fi ƙona mata rai. A gidansu ba a wasa da ita. Tanko Maibaka maharbi ne, ɗan maharbi, kuma kakansu shi ke dafa wa mutanen ƙauyensu dafin kibiya tun zamanin da ake kai wa juna hari. Kulu ce babba, ita ke riƙe wa Baba tukunya in zai dafa dafi a bayan gari, da 'ya'yan kwankwani da wasu saiwoyi da bai taɓa faɗa mata sunansu ba. In ya gama shafe kibau, ba ya tashi sai ya haɗa wani baƙin gari ya ɗura a ɗan ƙahon gada ya rataya a wuya. Wannan shi ne makari. Ya ce mata daga karyawa sunan ya fito, abin da ke karya ƙarfin dafi. Maharbi ba ya shiga daji da dafi babu makarinsa, don kibiyarka ma tana iya kartar ka. A zamanin yaƙi, in ji shi, in aka harbi mutum, kafin a tambayi inda kibiya ta same shi sai an tambayi kibiyar wane gari ce, saboda kowane gari da irin dafinsa, makarin wannan ba ya yi wa wancan komai. Ko nasa ma, ya ce, wata rana ya ci, wata rana ya ƙi.

Ta tuna ranar da aka kawo masa wani manomi da kububuwa ta sara, 'yan uwan suna roƙo. Baba ko ƙahon bai taɓa ba. Ya ce, "Ba ni na dafa dafin kububuwa ba, ina zan san makarinsa? Ku ɗauke shi zuwa asibiti tun rana ba ta yi ba." Suka tafi suna zaginsa da rowa. Mahfuz yana makarantar kwana a lokacin. Bai taɓa riƙe tukunyar ba, ko warin dafin bai sani ba.

Washegari da hantsi ta bar wa Nuriyya fura ta nufi gidan Mahfuz. Ta tarar da shi a bayan ɗaki, shi da matarsa, da babbar tukunya a kan murhu da buhun kwalabe a gefe. Ta leƙa tukunyar. Tsamiya ce da citta da kanwa da ɓawon wani itace, sai ƙullin kala irin ta alawa a kan dutse.

"Yaya, ke ce da safen nan? Rumaisa, kawo mata kujera."

"Bar kujerar." Ta ajiye kwalbar a gabansa. "Wa ya ba ka fuskar Baba?"

Ya yi 'yar dariya. "Ubana ne kamar yadda yake ubanki."

"Umar na rugar Bappa ya mutu. Kububuwa ta sare shi, suka zauna kwana uku suna ba shi ruwan tsamiyar nan."

Dariyar ta ɗauke. Ya sunkuyar da kai ya yi masa addu'a, sannan ya ce, "Kwana ne ya ƙare, Yaya. A asibiti ma ai ana mutuwa."

"Kai ka ce kada su haɗa da allura?"

"Kowane mai magani haka yake faɗa."

"Na ce kai ka faɗa?"

Ya ɗauki muciya ya juya tukunyar da ba ta buƙatar juyi.

"Ka san abin da ake kira makari kuwa?"

"Ke kin tsaya a zamanin kwari da baka," in ji shi, murya ta fara tashi. "Fita ki ji yadda mutane ke magana. Makarin sammu, makarin baki, makarin asiri, har makarin talauci na ji wani yana talla. Kalma ba gonar gado ba ce da za ki ce ta gidanmu ce. Wannan tiryaƙin da na rubuta, wani malami ne ya nuna min a tsohon littafin likitancin Larabawa. Ya ce da fari maganin saran maciji da cizon miyagun dabbobi ake kira haka, ana haɗa shi da abubuwa sun fi sittin. Daga baya sarakuna suka riƙa shan sa don tsoron guba, daga nan ya zama na kowace cuta. In su sun faɗaɗa tasu kalmar, ni ne ba zan faɗaɗa tawa ba?"

"Malamin ya faɗa maka mutum nawa aka binne kafin ta gama faɗaɗa?"

"Yaya, ina da 'ya'ya biyar."

"Umar yana da biyu, matarsa da ciki."

Rumaisa ta tashi ta shige ɗaki. Kulu ta matso har tana jin zafin murhun a ƙafarta. Ta ce masa ba ta hana shi neman abinci ba. Ya sayar da tsamiyarsa a matsayin tsamiya. Amma ya cire maciji daga takardar, ya cire kalmar makari, ya cire fuskar Baba, kuma ya bi ƙauyukan da ya sayar ya faɗa musu da bakinsa.

Ya ce, "To, na ji. Bari waɗanda aka riga aka buga su ƙare."

"Ba za su ƙare ba. Yau za ka ƙone su."

"Na ce na ji, Yaya."

Ta san wannan "na ji" tun yana yaro. Duk da haka ta tafi, ta ba shi kwana biyu, don kada a ce ba ta bi ta cikin gida ba.

Ranar kasuwa da azahar tana dama wa wani direba fura sai ta ji lasifika daga wajen 'yan doya. Muryar Mahfuz ce, ya sa mata wani kauri da ba nata ba. "Makarin Tanko Maibaka, gadon iyaye da kakanni. Manomi, makiyayi, kada ka shiga daji babu shi. Kububuwa, gamsheƙa, kasa, cokali biyu ka tashi ka ci gaba da aikinka."

Ta ajiye ludayin a cikin ƙwarya. Direban ya ce, "Hajiya, furar fa?" Ba ta ji shi ba. Ta ratsa ta cikin masu babura da masu baro, mayafinta na jan ƙasa, har ta isa inda motar take. Mutane sun kai arba'in a zagaye, yawancinsu Fulani da manoman ƙauye, wasu kwalba a hannu. Can gefe kaɗan wani gardi ya baje ƙoren macizansa yana jiran taron ya watse ya gaje 'yan kallo.

Mahfuz ya hango ta, ya yi ƙoƙarin juya baya. Ta fizge makirfon daga hannunsa, wayar ta kusa tsinkewa.

"Jama'a, sunana Kulu. Da yawanku kun sha furata a bakin tasha. Wannan da ke jikin kwalba ubana ne, wannan da ke sayarwa ƙanina ne, ciki ɗaya." Ta ji muryarta tana dawo mata daga bangon shaguna. "Ubana bai taɓa haɗa maganin maciji ba. Makarinsa na dafin kibiyarsa ne kaɗai, ya tafi da shi kabari. Abin da ke cikin kwalbar nan tsamiya ce da kanwa da kala. Shekaranjiya na gan shi a kan wuta da idona."

"Ba ta da lafiya," in ji Mahfuz, yana murmushi ga mutane. "Rikicin gida ne, ku yi haƙuri."

"Akwai wanda ya san Umar ɗan Bappa a nan?"

Wasu Fulani uku suka ɗaga kai. Ɗaya ya ce, "Mun yi jana'izarsa."

"Wannan ya sha, kwana uku."

Kulu ta juya wajen gardin. "Malam, akwai kububuwa a ƙorenka? Mai haƙori, ba wadda aka cire wa ba?"

Gardin ya dube ta, ya dubi Mahfuz, ya ce akwai wadda aka kamo jiya, bai taɓa ta ba tukuna.

"Kawo ta." Ta ɗauki kwalba ɗaya daga kan motar ta buɗe ta miƙa wa ƙaninta. "Ga makari, ga maciji. Sa hannunka. Cokali biyu ka tashi ka ci gaba da aikinka. In ka yi, ni zan durƙusa a nan in ba ka haƙuri, in riƙa yi maka talla har in mutu."

Gardin ya ajiye ƙwaryar a tsakiyar fili ya ɗan zame murfin. Aka ji wannan ƙarar da kowane ɗan ƙauye ya sani, kamar ana goga busassun ganye. Mutane suka ja baya. Mahfuz ya dubi ƙwaryar, ya sa hannayensa biyu cikin aljihun riga. Gumi ya jiƙa masa wuya.

"Yaya, ki ji tsoron Allah," ya ce a hankali, ba ta cikin lasifika ba.

Wani dattijo ne ya fara jefa tasa kwalbar, ta fashe a jikin ƙofar motar. Sai ta biyu. Wani ya ce ƙaninsa ne aka yanke wa ƙafa a watan jiya. Kafin Kulu ta ankara an shaƙe wuyan rigar Mahfuz, sanda ta sauka a kafaɗarsa, wani yana cewa a kawo fetur. Gardin ya rufe ƙwaryarsa ya yi gaba.

Ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Ta tura kanta tsakaninsu, ta rungume kan Mahfuz a ƙirjinta kamar yadda take yi in Baba ya ɗauko bulala. Sanda ta same ta a damtse, wata a bayan kunne. Ta ɗaga makirfon da har yanzu yake hannunta.

"Wanda zai kashe shi ya fara da ni. Ban tona shi don ku kashe shi ba. Ga kwalabe can, ku fasa. Shi ku bar wa hukuma."

'Yan banga na kasuwa suka iso, da shugaban 'yan doya, suka janye shi zuwa rumfarsu. Kulu ta tsaya a wurin, jini na bin wuyanta, ta riƙa ɗauko kwalaben daga bayan motar ɗaya bayan ɗaya tana tsiyayarwa a kwata. Da Mahfuz ya waiwayo daga bakin rumfa, leɓensa a fashe, abin da ya ce mata shi ne, "Kin kashe ni, kin huta."

Ta ce, "Kai kana tsaye."

Naomi ce ta ɗinke mata bayan kunnen, ɗinki huɗu. Mahfuz ya kwana biyu a hannun 'yan sanda, dangi suka taru aka yi belinsa. Daga nan aka dawo kan Kulu. Gwaggonsu ta zo har gida ta ce ta tona asirin jininta a tsakiyar kasuwa, wai hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kulu ta ce mata ai ƙafar wani ta ruɓe, an kuma yanke ta an yar, ba wanda ya zo gidan nan ya yi faɗa a kai. Gwaggo ta tafi ba sallama.

Ran addu'ar bakwai ta Umar, Kulu ta hau babur zuwa rugarsu. Hanya ta lalace, sau biyu tana sauka a tura. Bappa yana zaune a kan buzu a gindin kaɗanya, dogon tsoho, idanunsa sun faɗa. Ta durƙusa nesa kaɗan ta yi gaisuwa, ta faɗi ko ita wace ce.

"Na sani," ya ce, da Hausarsa mai karyewa. "An ba ni labarin kasuwa. Ni na saya, ba Umaru ba. Na ga hoton. Na san babanki, ya taɓa kwana a rugarmu yana bin sawun gwanki, mutum ne mai magana ɗaya. Na ce abin da ya fito daga gidan Tanko ba ƙarya. Yaron ma ran na biyu ya ce a kai shi gari. Ni na ce a ƙara haƙuri, magani yana aiki."

Fushin da Kulu ta zo da shi, ba ta san a kan wa za ta sauke shi ba a nan. Bilki tana ƙofar bukka cikin mayafin takaba, ta amsa gaisuwar da kai, ba ta ɗago ido ba.

"Bappa, akwai sauran kwalaben a rugagen nan?"

"Kowane gida. Damina ce."

Ta roƙi a haɗa ta da wanda ya san hanya. Wani ƙanen Umar ya ɗauke ta a babur ɗinsa, kwana biyu suna zagayawa, ruga tara da ƙauyen manoma biyu. A kowane wuri sai ta faɗi sunanta da sunan ubanta, ta faɗi abin da ke cikin kwalbar, ta ce in maciji ya sari mutum a ɗauke shi zuwa asibiti a ranar. Ta tara kwalba talatin da ɗaya a buhu. Wasu sun gode, wasu sun ce a biya su tukuna. A ruga ta ƙarshe wata tsohuwa ta ɓoye tata a cikin zani, ta ce ta sha ta ji daɗin gwiwarta, kuma ba a raba ta da maganinta don faɗan 'yan gari. Kulu ta yi magana har muryarta ta dushe, tsohuwar tana kallon shanu. Dole ta bar mata.

Bayan wata biyu wani direban Bangi ya faɗa mata ya ga Mahfuz a kasuwar can. Ya sake wa motar fenti, ya cire hoton, ya cire sunan Tanko. Yanzu takardar ta ce Tiryaƙin Misira, da hoton wani mai rawani da ba wanda ya sani. Kulu ta tambaya ko akwai maciji a jerin cututtukan. Direban ya ce bai iya karatu ba, amma ya ji lasifikar tana ambaton kububuwa.

Ta gama dama masa furar, ta miƙa masa. Sannan ta tambaye shi wace rana ce kasuwar Bangi, da ƙarfe nawa motarsa ke tashi.